Kafin ki yaga littafin nan

 Yau mun ajiye zancen allura da magani. Maganar yaron nan naki za mu yi, wanda kullum kike samun bayan littafinsa cike da zanen kwalekwale da babur, ki hau shi da faɗa wai ɓarnar takarda yake.

'Yar uwa, zane sana'a ce, kuma mu ma'aikatan jinya muna cin moriyarta kullum. Yawancin matan da ke zuwa awo a Jahun daga ƙauyukan fadama ba su yi boko ba, wasu ma Fulatanci suka fi ji. In na yi bayanin alamomin haɗari ga mai ciki, kafin ta isa gida rabi ya zube. Amma hoton mace da kumburarrun ƙafafu, ta dafe kai, an ja kibiya zuwa asibiti, wannan yana zama a ranta, har ta nuna wa kishiyarta. Ki dubi ɗan tef ɗin da muke auna damtsen yara don gano tamowa. Ja na nufin ƙasa da santimita 11.5, wato a garzaya asibiti, ruwan ɗorawa gargaɗi ne, kore kuma lafiya lau. Uwar da ba ta san lamba ba ta san ja.

Abin da ke damuna shi ne hotunan da ba su yi kama da mu ba. A zana mace da kayan da ba ma sawa, a ɗakin girkin da babu irinsa a ƙauyenmu, sannan a ce ta koya mana wanke hannu lokacin ambaliya, sa'ad da amai da gudawa ke yawo. Matanmu kallo ɗaya suke yi su ce wannan ba da su ake ba. Wanda zai zana randa da buta da murhu yadda suke, sai wanda ya tashi a cikinsu.

Na san wata za ta ce ai malamai sun yi magana kan zanen mai rai. Gaskiya ne, ki tambayi malaminki, ba fagena ba ne. Sai dai fannin yana da faɗi: zayyanar allon sauka, adon bangon soro, zanen atamfa, allon shago, taswira. A Birnin Kudu ma, nan jiharmu, akwai tsoffin zane a jikin duwatsu da gwamnatin tarayya ke kula da su a matsayin kayan tarihi.

Batun ci da kai kuwa, juya takardar naira 20. Matar da ke zaune tana gini Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane da ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Ba ta yi boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. A jami'ar nan ta Zariya akwai sashe guda na koyar da zane har zuwa digiri.

Ki saya masa littafi daban na zane da fensir mai launi, da sharaɗin sai ya gama aikin makaranta. In mace ce ma haka. Hutu ya zo, babansa ya kai shi wurin mai rubuta allon shaguna a kasuwa ya ga yadda ake haɗa fenti da yadda ake yanka farashi.