HAR YAUSHE ZA MU YI TA NEMAN SABON GARI?

'Yan uwana Hausawa mazauna Kudu. Yau magana ce da ni mai ɗaci, wanda ta taɓa shi ya yi haƙuri.

A Ibadan aka haife ni, mahaifina ɗan kasuwar albasa ne. Da rikicin kasuwar Shasha ya tashi a Fabrairun 2021, rumfarmu na cikin waɗanda suka ƙone. Bayan ƙura ta lafa Baba ya kira ni, ya ba ni kuɗin mota, ya ce, "Tashi ka zaga ka duba mana garin da za mu koma, Ibadan ta ishe ni." Na ce, "To Baba."

Na fara da Shagamu saboda 'yan uwanmu 'yan goro. Wani dattijo a Sabo ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ba a ba ka labarin 1999 ba? A nan garin muka binne mutane." Na leƙa Mile 12 a Ikko, aka tuna mini da rikicin 2016. Na bi titin Benin na sauka a Ore, na kwana a masallaci tare da wani magidanci da ya taso daga Anacha, shi ma gari yake nema. Da na ce daga Ibadan nake, sai ya ce ai can ya nufa! Dukkanmu muka yi dariya, amma ni a daren nan barci bai ɗauke ni ba. Ashe gudun gara muke ta yi muna faɗawa gidan zago.

To jama'a, bari in faɗa muku abin da na gano. Wanda ya ƙone dukiyar mutane azzalumi ne, ko wane yare yake yi, ban wanke shi ba. Amma mu ma muna da namu laifin. In za mu zaɓi gari, tambayarmu ɗaya ce: akwai ciniki? Ba ma tambayar ko za a sayar mana da fili, ko ina makarantar da yaranmu za su shiga. Mutum ya shekara 30 a ɗakin haya, ribarsa kuwa ya kai ƙauye ya gina gidan da ƙadangaru ke kwana a ciki. Zaɓe ya zo, a cika mota a tafi Arewa jefa ƙuri'a. To wane kansila ne zai tsaya mana ranar da wuta ta tashi, alhali ya san ba mu muka zaɓe shi ba?

Na san masu cewa, "Ai baƙo raɓa ne." Wace irin raɓa ce ke wuce shekara 100? Tun 1916 aka kafa Sabon Ibadan. A Inugu, Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato da fataucin shanu ya kai shi can, ya shiga siyasar garin har ya zama magajin gari a shekarun 1950. Kundin tsarin mulkin 1999 kuma, sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya so, sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili a ko'ina. Mu ne dai muka ƙi kwance kayanmu.

Masu cewa a koma gida kuma, ina tambayarsu: wane gida? Garinmu na asali sau 4 na taɓa zuwa, kuma can ma "ɗan Kurmi" suke kira na.

Da na dawo na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, na zaga, ban ga garin da ya fi wanda muka sani ba. Kuɗin ƙaurar nan mu sayi fili da su, a yi takarda, mu mayar da katin zaɓenmu nan." Ya daɗe bai ce komai ba, har yau ma muna kan jan maganar. Amma ƙannena biyu na makaranta, kuma ni na mayar da katina.

Don Allah matasa 'yan uwana, kafin ku ɗaure kaya, ku yi tunani. Wanda yake ganin na yi kuskure, ya kawo mini sunan garin da babu rigima, gobe in bi shi.

Allah Ya zaunar da mu lafiya.