Magana a Kan Yara Baƙi da Mariƙansu a Ƙasar Amurka

Akwai wata mas'ala a ƙasar Amurka wadda nake so mu duba. Yara ne waɗanda ba su kai shekara 18 ba suke ƙetaro iyakar Meksiko ba uwa ba uba, galibinsu daga Gwatamala da Honduras da Salbado. A shekarar 2022 an miƙa wa hukuma fiye da 120,000. Dokar 2008 ta ce kada yaron waɗannan ƙasashe ya wuce awa 72 a hannun masu tsaron iyaka, sai su damƙa shi ga ofishin 'yan gudun hijira na ma'aikatar lafiya. Sa'an nan a ajiye shi a gidan reno, a sa ma'aikaci ya bi sha'aninsa.

Aikin ma'aikacin nan shi ne neman mariƙi. Uwa ko uba ne farko, in babu sai ɗan'uwa na kusa kamar wa ko kawu ko kaka, in babu sai dangi na nesa ko bare. Ya tambayi yaro, ya kira iyayensa can gida, ya duba takardun haihuwa, a binciki halin mai neman riƙo. Wannan duka daidai ne. Inda nake da magana shi ne bayan an miƙa yaro.

Abin da aka saba yi a shekarun baya shi ne a buga waya bayan kwana 30, a tambayi lafiya. A 2023 Hannah Dreier ta jaridar New York Times ta bayyana cewa cikin shekara biyu yara 85,000 aka kira ba a same su ba. Ban ce duk sun ɓace ba, domin wani ya sake lamba, wani kuwa tsoron hukuma ya hana shi ɗauka. Amma ita da ta taka da ƙafarta ta tarar da yara suna aikin dare a mayanka da masana'antu, waɗansu a kan rufin gidaje. Dalili kuwa bashi ne. Yaro ya iso da bashin waɗanda suka ƙetaro da shi a wuyansa, ga iyaye suna jiran aike, wani mariƙin ma yana lissafa masa kuɗin ɗaki da na abinci. To, yaron da mariƙinsa ke tsaye a kansa, me zai faɗa a waya in ba lafiya lau ba?

Ba kuwa sabon abu ba ne. A 2014 an miƙa waɗansu yaran Gwatamala ga masu fataucin mutane, suka sa su bauta a gonakin ƙwai kusa da Marion a jihar Ohayo. Binciken majalisar dattawa na 2016 ya nuna ba a ziyarci gidan ko ɗaya daga mariƙan nan ba.

Wani zai ce, to a tsananta wa mariƙa tun farko. An gwada a 2018, aka riƙa ba 'yan sandan shige da fice bayanin masu neman riƙo, aka kama waɗansu. Dangi na gaskiya marasa takarda suka noƙe, yara suka daɗe a tsare. Ni ban ga fa'idar maganin da ke korar inna da kawu ba.

Abin da nake gani wajibi shi ne kowane yaro, ba waɗansu kaɗai ba, a sa masa mutum mai zuwa gidan da ƙafarsa, ba sau ɗaya ba. Ya keɓe da yaro, ya yi masa magana da harshensa, domin da yawa daga yaran Gwatamala harshen Mam ko Kiche suka tashi da shi, Sifaniyanci bai zauna musu ba. Ya tambaye shi nawa ake binsa, wa ke binsa, ƙarfe nawa yake kwanciya. Ya je makaranta ya ga sunansa a littafin kira. Kuma a rage wa ma'aikacin yawan yaran da ke hannunsa, kada a auna ƙoƙarinsa da saurin sallama.