Bakin Caja Ɗaya, Da Ƙofar Da Ba A Buɗe Ba

Tun ran 28 ga watan Disamba na 2024 doka ta fara aiki a ƙasashe 27 na Tarayyar Turai, cewa ba mai shigo da sabuwar wayar hannu kasuwanninsu sai bakin cajinta ya zama USB-C, watau wanda 'yan kasuwa ke ce wa taif si. Hukuncin ya haɗa da kyamara da abin sawa a kunne da sauran ƙananan na'urori masu batir. Masu ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa aka yanka musu wa'adi zuwa Afrilun 2026. Mai karatu ya yiwu ya ce, wace irin majalisa ce za ta zauna shawara a kan ramin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba? To, a yi haƙuri a ji asalin maganar.

A da kowane kamfani da nasa bakin. Tsofaffin 'yan waya ba su manta da zamanin da cajar Nokia ba ta shiga Samsung ba, ta Samsung kuma ba ta shiga Motorola. A 2009 hukumar Turai ta tara manyan kamfanoni suka yi alkawari bisa yardar kansu, har irin caja ya ragu daga wajen 30 ya koma 3. Amma kamfanin Apple na Amurka, mai yin iPhone, ya ƙi sakin nasa. A 2012 ya fito da bakin da ya sa wa suna Lightning, kuma duk maƙerin da ke son yin igiyarsa da izini sai ya biya Apple. Misalinsa kamar attajiri ne ya sassaƙa nasa mudu, ya ce ba a auna hatsinsa sai da shi, sa'an nan kowa ya ari mudun ya ba da ladan aro.

Da shekaru goma sha uku suka wuce lallashi bai yi ba, sai Majalisar Turai ta jefa ƙuri'a a watan Oktoba na 2022, mutum 602 suka yarda, 13 suka ƙi. Hujjarsu ita ce cajar da ake zubarwa da wadda ke jibge a gidaje ba amfani ta kai tan 11,000 kowace shekara, kuma in an daidaita baki masu saye za su tsira da wajen Yuro miliyan 250 a shekara.

Apple ya kawo hujja biyu. Ya ce in hukuma ta ɗaure masu fasaha a kan siffa guda, gobe ba mai ƙago wadda ta fi ta. Ya kuma ce miliyoyin igiyoyin Lightning da ke hannun mutane su ma za su koma juji. Ta biyun nan lalle akwai gaskiya cikinta, kuma 'yan kasuwan da suka tara wannan kaya su ne shaidu. Ta farko kuwa ba ta da ƙarfi, gama Apple da kansa ya sa USB-C a kwamfutarsa tun 2015, ya sa a iPad Pro tun 2018. Abin da ya yaba a ɗaki ɗaya ba ya zama aibi a ɗaki na biyu, sai fa in akwai kuɗin da ke shigowa ta ɗakin nan na biyu.

A watan Satumba na 2023 iPhone 15 ta fito da USB-C, ba a Turai kaɗai ba, a duniya duka. Ashe dokar da aka yi a Birasal ta iso Farm Centre ta Kano ba tare da wani ya aiko da takarda ba. Dalili a fili yake. Ƙarfe ne da roba, a masana'anta ake zubinsu, kuma ƙera waya iri biyu saboda baki kawai wahala ce da hasara. Saudiyya ma ta bi sahu, ta wajabta wannan baki a kan wayoyi daga 1 ga Janairun 2025.

Sai dai ka sani, ya kai mai karatu, akwai mas'ala ta biyu wadda ta fi ta caja nauyi, ita kuwa ba ta ƙetaro ba. Cikin kowace iPhone akwai kasuwar manhaja mai suna App Store, Apple ne sarkin kasuwar, shi ne sarkin ƙofa, shi ne kuma dillali. La'adarsa da aka sani ita ce 30 cikin 100, ko 15 ga ƙananan masu sana'a. Dillalin kara in ya tsananta la'ada, mai shanu sai ya kora dabbobinsa gidan wani. A nan ba gidan wani. Don haka Turai ta yi wata doka ta kasuwannin intanet, a Satumban 2023 ta ambaci kamfanoni shida da ta kira masu tsaron ƙofa, cikinsu har da Apple da Meta da Alphabet mai Google. Aka tilasta Apple ya bari a kafa wasu kasuwannin manhaja cikin wayarsa. A Afrilun 2025 kuma aka ci shi tarar Yuro miliyan 500, don ya hana masu manhaja su nuna wa masu saye inda za su sami rangwame a waje. Ya ɗaukaka ƙara a watan Yuli na shekarar.

To, wannan ƙofa Apple bai buɗe ta ga kowa ba, sai inda doka ta matsa masa, kamar Turai, da Japan wadda ta yi tata dokar a 2024. Manhaja ba zubi ba ce. Waya ta san ƙasar mai ita, kamfani kuwa yana iya buɗe wa wannan ya kulle wa wancan yana zaune a Kalifoniya, ba ko sisi da zai kashe. Ke nan abin da ke jikin waya shi ake samu a inuwar dokar wasu, abin da ke cikinta kuwa sai ƙasa ta nema da kanta. Kuma Nijeriya ba ta rasa ƙarfin nema ba, tun da hukumar kare masu saye ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 a kan bayanan masu WhatsApp da Facebook, kotu ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025.

Saura abin da ya shafi rumfa. Dokar Turai ba ta hau kan kayan da aka yi domin Afirka ba, shi ya sa ƙananan wayoyi masu araha da tsohon ƙaramin baki ba za su ɓace nan kusa ba. IPhone 14 da na bayanta kuma, da yake tsofaffin hannu ne ke kwararowa nan, igiyar Lightning tana da sauran kasuwa, amma kasuwa ce mai raguwa, ba ta cika sito ba ce.

Abin da ya fi kama a kula shi ne baki ɗaya ba ya nufin ciki ɗaya. Igiyoyin USB-C biyu sai su yi kama kamar tagwaye, ɗaya ta ɗauki wuta mai ƙarfi, ɗaya ta kasa, ko ta yi zafi. Ko a gidan Apple, iPhone 15 Pro ta fi 'yar'uwarta saurin kwashe hotuna wajen ninki ashirin, alhali raminsu ɗaya. A da jabun caja kan tona kanta da ta ƙi shiga. Yanzu kowace tana shiga, sai batir ya kumbura mai saye ya dawo da ƙara. Mai sarin kaya daga Guwanzu ko Dubai ya kamata ya duba adadin wat da aka rubuta a kan caja da kuma a kan igiyarta, ya gwada kaɗan daga kowane kwali kafin ya biya kuɗin sauran.