Kada Bodin Katako Ya Ƙare A Sikelin 'Yan Gwangwan

Da zarar sanyi ya kankama, rake ya nuna a fadamun Kudan da Hunkuyi da Likoro, hanyoyin da suka ɓulle zuwa babban titin Zariya da Kano ba sa samun hutu. Dami-damin rake, buhunan masara, kwandunan tumatir, mazarƙwailar Maƙarfi, har da inabin da Kudan ta yi suna da shi a 'yan shekarun nan, duk sai an ɗauke su daga gona an kai kasuwa. A cikin motocin da ke wannan jigila har yanzu ana ganin tsofaffin Marsandi masu bodin katako, waɗanda ake ce wa roka, da a-kori-kurar Fijo da ta sha walda har ta gode Allah. Da yawansu sun girmi direbobin da ke tuƙa su.

Sai dai kullum raguwa suke yi. Wadda injinta ya buga, a tura ta bayan gareji a ce sai an samu kuɗi. Damina biyu ko uku, ciyawa ta fito ta cikin tagogi, gara ta shiga katako, yara su mayar da kujerar direba wurin wasa. Daga nan sai 'yan gwangwan su zo da wutar yanka ƙarfe, su daddatsa ta, su ɗora a sikeli, a biya mai ita kilo-kilo. Katakon kuma ya tafi murhu.

Wannan ciniki asara ce, ga mai motar da kuma yankin baki ɗaya. Akwai motoci da yawa a cikinsu da gyara na tsakani da Allah zai mayar kan hanya su ƙara shekaru suna ciyar da gidaje, akwai kuma 'yan kaɗan da suka cancanci a gyara su a adana domin tarihi. Abin da ya hana duka biyun shi ne ba mu ɗauki gyaran tsohuwar mota a matsayin aiki mai tsari ba. Mun bar shi a hannun "a yi maneji".

Yana da kyau a tuna inda motocin suka fito. Kamfanin Marsandi na Jamus ya fara ƙera samfurin roka mai gajeren hanci a 1959, kuma ya ci gaba da yin sa domin ƙasashen waje har cikin shekarun 1990, bayan ya daɗe da fita yayi a Turai, saboda Afirka da ƙasashen Larabawa da Kudancin Amurka ba su daina nema ba. A nan gida, lokacin da kuɗin mai ya shigo a shekarun 1970, gwamnati ta haɗa hannu da kamfanonin waje aka kafa masana'antun harhaɗa motoci: Fijo a Kakuri ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ANAMMCO a Inugu, wadda aka buɗe a 1980 domin manyan motocin Marsandi, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, da masana'antar manyan motocin Fiat a Kano. Fijo 504 ta ci gaba da fitowa daga Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, alhali Faransa ta daina yin ƙaramar motar tun 1983. Ke nan a-kori-kurar da ke ɗaukar tumatir daga Ikara ba baƙuwa ba ce, mai yiwuwa hannun 'yan Kaduna ne ya ɗaure notinta na farko.

Ita kuwa gingimari, rabinta ma namu ne tun asali. Inji da kai da casis, wato dogayen ƙarafan nan biyu da komai ke zaune a kansu, su ne na kamfani. Bodin kafintocin gida ne ke gina shi da katako mai tauri irin su maɗaci da loko, su ɗaure da ƙarfe da noti, su yi masa tsani da ƙofar baya da wurin ajiya a saman kan direba. Bayan kafinta sai mai fenti, wanda zai zana zaki ko mikiya ko ɗawisu ko masallaci, ya kewaye da furanni, ya rubuta karin magana ko addu'a, wani da boko wani da ajami. Da wuya a ga guda biyu iri ɗaya, kuma mutanen ƙauye kan gane motar garinsu tun daga nesa. Sana'ar ta shiga rayuwar Bahaushe har marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi wa karen mota waƙa sukutum.

To amma ba don marmarin da ba kawai ake wannan magana. Akwai dalilin aljihu. Injin roka na gas ne mai silinda shida, babu kwamfuta a jikinsa, babu na'urar da sai an jona wata na'ura kafin a san ciwonta. Bakaniken Hunkuyi ko na Tashar Yari zai iya sauke shi, ya wargaza, ya canza ringi da fistin, ya mayar, da kayan aikin da ke cikin akwatinsa. Kayan gyaransa, sababbi da na hannu, ana samu a Sabon Garin Zariya da Ƙofar Ruwa a Kano, abin da ya gagara kuma maƙeran Fanteka a Kaduna sukan ƙera. Ga tsayi daga ƙasa, wanda ke ba ta damar shiga hanyar fadama mai laka da kwazazzabo inda doguwar tirela ba za ta ko gwada ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa wata guda bayan haka, farashin babbar mota, sabuwa ko 'yar Kwatano, ya fi ƙarfin yawancin masu jigilar kayan gona. Duk motar da aka yanka a yau, da wuya mai ita ya iya maye gurbinta. Idan motoci suka yi ƙaranci a lokacin kaka kuɗin lodi ne ke tashi, kuma manomi ne ke biya, ko dai daga aljihunsa ko da tumatirin da ya ruɓe a bakin gona yana jiran mota.

A wasu ƙasashe gyaran tsofaffin ababen hawa sana'a ce mai zaman kanta. A Amurka akwai wasu ɗakunan tafiya masu taya da ake ja da mota, masu jikin farin ƙarfen alminiyom, samfurin Airstream, waɗanda wani mutum mai suna Wally Byam ya fara ƙerawa a shekarun 1930. Shi ne ma ya jagoranci ayarinsu daga Kef Tawun zuwa Alƙahira a 1959 da 1960. Yau mutane na sayen waɗanda suka shekara hamsin ko sittin a yashe, su gyara, su koma yawo da su. Abin lura shi ne yadda masu yin aikin da gaske suke bi. Sukan ɗage jikin gaba ɗaya su ajiye gefe, su duba ƙarfen ƙasa su yanke inda tsatsa ta ci, su sake daɓen katako, su canza aksil da birki, su zare tsofaffin wayoyin wuta su sa sababbi, su toshe duk inda ruwa ke shiga. Goge jiki har ya yi ƙyalli shi ne aikin ƙarshe.

Mu kuwa sau da yawa daga ƙarshen muke farawa. Mota za ta sha sabon fenti, zakin da ke bayanta ya fito raɗau, alhali birkinta sai an taka sau uku, sifirin ɗaure da waya, fitila ɗaya ce ke kamawa, tayoyin sun suɗe. Masu cewa a kawar da waɗannan motoci daga kan titi suna da hujja, kuma ba hujjar da za a yi wa dariya ba ce. Duk wanda ke bin hanyar Zariya zuwa Kano ya taɓa ganin gingimari kwance a gefen titi, rake a warwatse. Ya ga baƙin hayaƙin da wasu ke tuttulowa a kan hawa. Ya ga mutane tsugune a saman lodi, abin da hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta daɗe tana hanawa. Rayukan da ake rasawa ta haka na 'yan'uwa ne da maƙwabta, kuma babu wani zane ko tarihi da ya kai ran mutum ɗaya.

Amma idan aka bi waɗannan laifuffuka ɗaya bayan ɗaya, za a ga ba shekarun mota ne ke jawo su ba. Birkin da ba ya kamawa rashin gyara ne. Hayaƙi yawanci daga nozul da famfon mai ne da suka gaji, ko ringin da ya cinye, kuma duk ana gyara su. Lodin da ya wuce kima da ɗora fasinja a kan kaya halin mutane ne, sabuwar mota ma ana yi mata. Motar shekara arba'in da aka sauke bodinta, aka kankare casis aka duba tsagewa, aka yi wa birki da sitiyari da sifirin aiki na gaskiya, aka sake waya daga batir har fitilar baya, aka cire ruɓaɓɓen katako aka sa busasshe, ta fi 'yar shekara goma da ba ta taɓa ganin gareji ba aminci a kan titi. Wadda kuma aka duba aka tarar casis ɗinta ya karye ko ya rube, wannan kam a yanka ta, bayan an kwance duk abin da zai amfani 'yan'uwanta.

Matsalar ita ce irin wannan gyara na cin kuɗi a dunƙule, mai mota kuwa kullum yake samu kullum yake kashewa, ga shi duk ranar da mota ta kwana a gareji babu na cefane. Shi ya sa yake lallaɓawa. Nan ne ƙungiyoyi ke da aiki. Rassan ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motocin haya ta NARTO suna karɓar kuɗi a tasha kullum, kuma adashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Asusun gyara da kowane mai mota zai riƙa zubawa a lokacin kaka, ya kwasa idan damina ta sauka aiki ya yi sauƙi, zai ba shi damar ajiye mota wata guda a yi mata aiki daga tushe. Ƙungiyoyin manoman rake da na tumatir su ma suna da ruwa da tsaki, tunda su ne ke shan wahala idan mota ta yi wuya.

Akwai abin da ya fi motocin saurin ƙarewa, shi ne masu iya aikin. Kafintocin bodi na tsufa, sababbin motoci kuma da bodin ƙarfe ake yi musu. Saurayin da a da zai zauna shekaru a gaban maigidansa yana koyon yadda ake haɗa katako ya jure nauyi da girgiza, yau ya gwammace ya karɓi babur ko Keke Napep ya ga kuɗi da yamma, kuma ba za a zarge shi ba. Masu zanen hannu su ma takardar mannawa da ake bugawa da kwamfuta tana ƙwace musu ciniki. Irin wannan ilimi ba a littafi yake ba, yana hannun mutane ne, kuma idan mutum ya tafi da shi ya tafi ke nan.

Ga shi kuwa Kudan tana maƙwabtaka da garin da ya fi dacewa da wannan aiki. A Zariya ne Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, NITT, take tun 1986. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga sashen injiniya da sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yaye manyan masu zane na ƙasar nan. Babu abin da zai hana ɗaya daga cikinsu ta sayi gingimari guda da a-kori-kura guda a kan kuɗin da ɗan gwangwan zai biya, ta ɗauko tsohon bakanike da kafinta da mai fenti daga Hunkuyi ko Maƙarfi a matsayin malamai masu albashi, ɗalibai su yi aikin tare da su daga kwancewa har ɗaurewa, a rubuta kowane mataki da Hausa, a ɗauki hoto da bidiyo. Ɗalibin zai taɓa inji da hannunsa, dattijon zai ga an daraja abin da ya sani, a ƙarshe kuma a samu mota mai tashi da za a iya fitowa da ita ranar bikin Sallah ko baje kolin amfanin gona.

Wasu sun riga mu gane darajar irin waɗannan motoci. Lokacin da aka sake buɗe gidan tarihin ɗan'adam na birnin Faris a 2015, cikin abubuwan da aka baje har da wata ƙaramar bas mai zane-zane daga Dakar, irin wadda talakawan Senegal ke shiga kullum. A Jamus tun 1997 motar da ta kai shekara 30, idan aka tabbatar tana cikin kyakkyawan yanayi kuma ba a sauya mata kama ba, ana ba ta lamba ta musamman da haraji na daban. A Nijeriya motar da aka fi sani a gidan tarihi ita ce Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, wadda ke ajiye a Legas, kuma ta cancanci wurinta. Motar da ta shekara arba'in tana kai abinci daga ƙauye zuwa birni ita ma tana da labarin da jikoki za su so su gani da ido.

Ƙaramar hukumar Kudan da takwarorinta na Maƙarfi da Ikara ba sai sun jira Abuja ko Kaduna ba. Za su iya haɗa kai da shugabannin tasha a zaga a ƙidaya motocin da ke yashe a gareji-gareji, bakanike mai gaskiya ya ware masu tashi da waɗanda sai dai a kwance kayansu, a kuma nemi jami'an duba lafiyar motoci su riƙa gwada birki da fitila a tashoshin lodi kafin kakar rake ta buɗe. Aikin 'yan makonni ne, kuma lokacinsa shi ne damina, sa'ad da motocin ke zaune, 'yan gwangwan kuma ke zagayawa suna taya su.