Laifin Yaro ne ko na Malami?

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in faɗa muku wani kuskure da na yi, don kada wani ya maimaita shi.

Sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa a wata firamare a unguwar Abatuwa, nan Jos, na rubuta wa 'yan aji huɗu a allo cewa "run" shi ne gudu. Suka haddace. Kashegari muka tarar da "My father runs a shop" cikin littafin karatu. Na ce wa wani yaro, ɗan mahauci, ya fassara. Ya miƙe ya ce, "Babana ya gudu da kanti." Aji ya fashe da dariya, ni kuwa na tsawata masa. Har mako ya ƙare yaron nan bai sake ɗaga hannu ba.

Da na yi tunani sai na ga laifin nawa ne, gama abin da na ba shi ya mayar mini. Kalmar nan ba ƙarama ba ce. Masu babban ƙamus na Oxford da suka sake dubanta a 2011 sun lissafa mata ma'ana 645. Bature yakan yi amfani da ita ga mai tafiyar da kanti, da injin da ke aiki, da mai takarar zaɓe, har ga hancin da ke zubar da majina saboda sanyin Jos.

Waɗansu za su ce Turanci ne ya cika rikici. To, mu dubi namu. A mayankar nan ta Abatuwa za ka ji an ce kasuwa ta ci, wuƙa ba ta ci, wane ya ci riba, wane ya ci bashi, wane kuwa ya ci amana. Ina abinci a nan? Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai ga yadda aka jera su.

Saboda haka ra'ayina shi ne kada mu ba yara kalma tsirara, sai cikin jimla. Mu fara da "ci" da suka sani, sa'an nan mu kai su ga baƙuwar kalma. Ran Litinin na gwada haka, ɗan mahaucin nan shi kaɗai ya kawo misali shida. Na roƙe shi gafara a gaban aji.

Allah ya taimake mu cikin aikinmu, amin.