ZAUREN IYALI: Baƙuwar da ta yi wata goma sha ɗaya a gidanmu

  A fitowar yau za mu ba ku labarin wata baƙuwa da ta sauka a gidanmu ba tare da ta yi sallama ba, ta zauna da mu wata goma sha ɗaya, sa'an nan muka raka ta gida. Baƙuwar nan kififiya ce, wato kunkurun ruwa. Mun ga ya dace mu kawo zancenta ne domin da wuya a sami unguwar da yaranta ba su taɓa shigowa gida da irinta a hannu ba lokacin damina, kuma sau da yawa iyaye ba su san abin da ya kamata su yi da ita ba.

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 2023, muna dawowa daga masallaci bayan la'asar a nan Maraɗi, sai muka tarar da yara huɗu suna jan wani abu da igiya a cikin rairayi. Da muka matsa kusa, sai muka ga kififiya ce wadda ba ta wuce tafin hannun babban mutum ba. Sun huda gefen ƙoƙon bayanta da ƙusa, sun zura igiya, wurin ya tsage, jini na tsattsafowa. Muka ce musu: "Samari, ina kuka samo wannan?" Babbansu ya ce: "Baba, a tabkin bayan gari muka kama ta, tana ƙetare hanya." Muka ce: "To, ba ku ga kun ji mata ciwo ba?" Ya yi dariya ya ce: "Haba Baba, ai dutse ne bayanta, ba ta jin komai."

Wannan magana ta yaron ita ce fahimtar manya da yawa, alhali kuwa ba haka abin yake ba. Ƙoƙon kififiya ƙashinta ne. Haƙarƙarinta da ƙashin bayanta su ne suka haɗe suka zama wannan rufi, akwai jini a cikinsa, akwai jijiyoyi, kuma tana jin zafi idan aka huda shi kamar yadda mutum zai ji idan aka huda masa ƙashi. Ba riga ba ce da za ta iya tuɓewa ta fita, kamar yadda ake faɗa a tatsuniya.

Tausayi ya sa muka ba yaran dala ɗari muka karɓe ta. A nan muka yi kuskurenmu na farko, kuma muna faɗarsa ne domin kada wani ya maimaita. Bayan kwana uku sai ga yaran nan a ƙofar gida da wasu guda biyu, suna cewa: "Baba, mun kawo maka wasu." Ashe kuɗinmu ya buɗe musu kasuwa. Dole muka ajiye abin da muke yi, muka taka da su har bakin tabkin, suka saki biyun da hannunsu, muka kuma yi magana da iyayensu. Wanda ya ga dabba a hannun yara, ya karɓe ta da lallashi da nasiha ya fi ya saye ta, domin duk abin da aka saya yau, gobe za a kamo wani.

Ita kuwa mai raunin ba ta sakuwa a wannan hali, saboda ƙuda kan yi ƙwai a cikin irin wannan ciwo, tsutsa ta cinye dabbar tana da rai. Muka kai ta wurin wani likitan dabbobi, ya yanke igiyar, ya wanke wurin da ruwan aidin da aka sirka, ya ce mu riƙa fitar da ita daga ruwa na ƴan sa'o'i kowace rana a wuri mai inuwa da aka rufe da gidan sauro, har bakin ciwon ya kame. Ya kuma gargaɗe mu cewa ƙashin waɗannan halittu yana jinkirin warkewa, sai an yi watanni. Kafin ta warke kuwa damina ta wuce, tabkinta ya fara janyewa. Ta haka zaman kwana biyu ya zama zaman shekara.

Shi likitan ne ya bayyana mana irinta. Ita ce wadda masana ke kira Pelomedusa, mai zama a tabkuna da kududdufai na ƙasashen Sahel da sauran sassan Afirka. Alamarta ita ce ba ta janye kanta kai tsaye zuwa ciki kamar kunkurun tudu, sai dai ta lanƙwasa wuyanta gefe ta ɓoye kan a ƙarƙashin bakin ƙoƙo. Idan aka tsorata ta takan fitar da wani ruwa mai wari, wanda shi ne makaminta. Idan tabki ya ƙafe sai ta tona laka ta binne kanta, ta kwanta can har ruwan sama ya dawo. Shi ya sa da saukar damina ake ganinsu suna yawo a hanya, har wasu su ce daga sama suke faɗowa.

Ga abin da muka koya game da riƙonta, ga wanda larura ta sa ya riƙe.

Na farko, mazauni. Uwargida ta fara sa ta a cikin bokiti cike da ruwa, muka wayi gari muka same ta ta galabaita tana ta fafutukar ɗaga hanci. Kififiya da huhu take numfashi kamar mu, kuma idan ba ta sami wurin da za ta dafa ta huta ba, ruwa na iya cinye ta. Sai muka sami babban baho mai faɗi, muka zuba ruwan da zai rufe ta ta iya juyawa a cikinsa, muka jingina faffaɗan dutse a gefe guda yadda za ta iya hawa ta bushe sarai. Muka aza bahon inda hantsi ke samun rabinsa, rabi kuma yana cikin inuwar darbejiya. Muka rufe samansa da ragar waya saboda karnuka da shaho, da kuma ita kanta, domin ta iya hawa fiye da yadda ake zato.

Na biyu, rana. Jikinta ba ya samar da ɗumi da kansa, daga rana take samu, kuma sai ta yi ɗumi take iya narkar da abinci. Har ila yau hasken rana ne ke sa jikinta ya sami bitamin D, wanda da shi ne ƙashi ke ƙarfi. Wadda aka kulle a ɗaki, ƙoƙonta kan yi laushi ya karkace. Amma fa ranar watan Afrilu ta ƙasarmu tana iya kashe ta cikin ɗan lokaci idan ruwan ya yi zafi babu inuwar da za ta fake. Lokacin hunturu kuwa ta daina cin abinci kusan gaba ɗaya, yara suka tayar da hankali suna cewa za ta mutu. Sanyi ne kawai ya rage mata kuzari. Muka riƙa shigar da bahon zaure da dare, muna fitar da shi da hantsi, da zafi ya fara dawowa sai ta koma cin abincinta.

Na uku, abinci. Kakar yara ta ba ta tuwo da dafaffiyar shinkafa, ba ta ko kalle su ba. Abincinta a daji shi ne ƙwari, da tana, da katantanwa, da ƴaƴan kwaɗi, da ƙananan kifi, da ɗan ganyen ruwa. Muka riƙa ba ta fara da tana da ƙananan kifi ɗanye da ƙayarsu, domin a cikin ƙayar take samun abin gina ƙashi. Ba a ba ta abin da aka sa wa gishiri ko mai ko yaji, ba a kuma ba ta farar da aka kamo a gonar da aka yi wa feshin magani. A cikin ruwa take cin abinci, don sai da ruwa take iya haɗiyewa. Babba ba ta bukatar ci kullum, sau uku a mako ya ishe ta. Abin da ta rage a kwashe shi nan take, in ba haka ba ruwan ya yi wari.

Na huɗu, tsabta, kuma a nan muke roƙon iyaye mata su saurara da kyau. Kififiya da kunkuru da ƙadangare suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a cikin hanjinsu ba tare da ta dame su ba, amma idan ta shiga cikin mutum takan kawo zawo da zazzaɓi da ciwon ciki, ta fi kuma tsanani ga ƙananan yara da tsofaffi. Saboda wannan cuta ne hukumomin Amurka suka hana sayar da ƙananan kififiya tun shekarar 1975, domin yara kan sa su a baki. Dokar gidanmu ita ce: yaron da bai kai shekara 5 ba, kallo ne nasa, wanda ya taɓa ta ko ruwanta, sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa wani abu, bahonta da sosonta daban, ba sa kusantar madafa ko randa ko butar alwala, ruwan da aka canza kuma a gindin itace ake zubar da shi. Mukan canza shi duk bayan kwana biyu, da ruwan famfo da ya kwana a buɗe. Rigakafi ya fi magani.

Wannan hidima duka yaranmu biyu muka ɗora wa, muna duba su. A makon farko har faɗa suke yi a kan wanda zai kai mata abinci. Da wata biyu ya wuce, sai an yi ta kira. Wata rana muka dawo daga tafiya muka tarar ruwan ya yi kore, ba a canza shi ba kwana biyar. Muka zaunar da su, muka tuna musu da labarin da suka sani daga makarantar Islamiyya, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Muka ce musu hanya biyu ce ga duk wanda ya tsare mai rai: ko ya ba shi haƙƙinsa cikakke, ko ya sake shi. Akuya in ta ji yunwa za ta yi kuka har maƙwabta su ji. Kififiya ba ta da murya, sai dai ta mutu shiru a cikin baho, kuma wannan ne ya sa amanarta ta fi nauyi. Daga ranar ba mu sake tuna musu ba.

Da ruwa ya sauka sosai a watan Yuli na shekarar 2024, ciwon ya riga ya warke, sai ɗan gurbin ƙusa da ya rage. Sai ta canza hali. Dare da rana tana kartar gefen baho, kullum ta fuskar guda. Muka gane lokaci ya yi. Da muka faɗa wa yara, autarmu ta fashe da kuka ta ce: "Baba, ai mu muka warkar da ita, tamu ce." Muka ce mata: "Uwata, mun warkar da ita ne domin ta koma, ba domin mu mallake ta ba. In kika kwanta asibiti kika sami sauƙi, za ki yarda likita ya ce kin zama tasa?" Ta yi shiru. Kakarta ta ƙara da cewa baƙo raɓa ne, in hantsi ya yi sai ya tafi.

Akwai kuma dalilan da suka wuce tausayi. Irin waɗannan halittu kan yi shekaru da dama a duniya, yaran da suka yi ɗokinta za su girma su bar gida ita tana nan cikin baho. Macen a tudu take haƙa rami kusa da ruwa ta yi ƙwai, kuma wadda ke tsare ita kaɗai ba za ta bar baya ba. Bugu da ƙari, namun daji suna da hukuma. A Nijar akwai dokar farauta da kare namun daji ta shekarar 1998, kuma ma'aikatan gandun daji ne ke kula da ita. Wanda ya tsinci dabbar da ya rasa yadda zai yi da ita, su ya kamata ya nufa. Manyan kififiya masu laushin baya da ke cikin kogunanmu sun ragu ƙwarai saboda kamu, har a shekarar 2016 aka sa su cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe.

Sakin ma yana da ƙa'ida. A mayar da dabba inda aka ɗauko ta, a lokacin da akwai ruwa da abinci, bayan ta warke sarai. Wadda aka sayo daga wata ƙasa kuwa ba a zuba ta a ruwanmu. A Faransa mutane sun yi ta sayen wata ƙaramar kififiya ta Amurka mai jan kunne domin yara, da ta girma ta ishe su sai su kai ta tabki su saki, har ta yaɗu tana takura wa ta asalin ƙasar, Tarayyar Turai ta hana shigo da ita a shekarar 1997.

Ranar wata Juma'a da safe muka ɗauke ta a cikin kwando da jiƙaƙƙen buhu, mu da yara, muka biya muka kira yaran nan huɗu da suka kama ta. Babbansu, wanda ya ce bayanta dutse ne, shi muka ba ya ajiye ta a bakin ruwa. Ta daɗe ba ta motsa ba. Can sai ta warware wuyanta, ta taka a hankali, laka ta tashi, ba mu ƙara ganinta ba. A hanyar dawowa autarmu ta tambaya ko za ta tuna da mu. Muka ce mata ba lallai ba ne, kuma ba don ta tuna muka yi ba.

Saboda haka, ƴan uwa, idan damina ta zo yaro ya shigo da kififiya, a duba ta. In lafiyarta ƙalau, a raka shi ya mayar da ita inda ya ɗauko ta a ranar. In tana da rauni, a yi jinyarta da sanin cewa za a rabu. Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙai, Ya shirya mana zuriya.