Kyautar Saukar Karatu: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

A zangunan arewacin Gana, daga Salaga zuwa Yendi har Bawku, ranar saukar karatu tana cikin manyan ranakun rayuwar yaro. Ran nan ne ɗan da ya share shekaru yana wanke allo zai zauna gaban malamai da dattawan unguwa, riƙe da allon zayyana, ya karanta Fatiha da farkon Baƙara, alamar ya ratsa izu sittin ya kuma koma mafari. Daga nan ya fita sahun ƙananan yara, ya shiga karatun littattafai irin su Ahalari da Ishmawi. Ga 'yan mata kuwa, sau da yawa akan haɗa walimar sauka da hidimar aure. To, amma akwai tambayar da kan hana mai ƙaramin ƙarfi barci tun ranar da goron gayyata ya iso gidansa: me zai riƙa ya je da shi? Amsar da ta dace ita ce ya tafi da abin da hannunsa ya kai, kuma wajibi ne masu walima su gyara al'adarsu yadda wannan amsa ba za ta zame masa abin kunya ba.

Harshen Hausa kansa ya riga ya rarrabe abin da ake bayarwa, kuma ɗalibin da ya kiyaye bambancin ya fahimci rabin maganar. Kyauta ita ce abin da aka bayar don faranta rai, ba tare da sharaɗi ba. Sadaka ana yin ta ne don neman lada, irin abincin da iyayen yaro kan raba ranar sauka. Gudunmawa taimako ne ga wanda hidima ta same shi, don a rage masa nauyi. Tukwici shi ne ɗan abin da ake ba wanda ya kawo saƙon kyauta, shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukwici. Sai kuma biki, wanda ban da ma'anarsa ta shagali yana nufin abin da mace kan kai wa ƙawarta ranar suna ko aure, da sanin cewa za a rama mata, galibi da ƙari ko ma ninki, ranar da tata hidimar ta zo. Matsalar walimar sauka a yau ita ce an ɗauki abin da asalinsa kyauta ne da gudunmawa, an mayar da shi biki, wato bashi mai jiran ranar biya.

Wannan damuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gonja. Salaga ta yi suna a ƙarni na 19 a matsayin babbar kasuwar da fataken Kano da Katsina da Sakkwato ke zuwa sayen goron da ke fitowa daga dazukan Asante, kuma tare da ayarin goro ne malamai da alluna suka zauna a garin. Ɗaya daga cikinsu shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Cikin waƙoƙinsa na Hausa akwai Waƙar Talauci da Wadata, wadda ta nuna yadda jama'a ke girmama mai dukiya su wulaƙanta matalauci. Abin da ya gani fiye da shekara ɗari da suka wuce bai gushe ba, salo kawai ya sake. A yau lasifika ce ke yin aikin: mai shela ya ɗauki ambulan ya ce Alhaji wane ya ba da sidi 500, a yi kabbara, in an zo kan mai sidi 20, sai murya ta yi ƙasa, ko a tsallake sunan gaba ɗaya.

Illar haka ta kasu biyu, kuma kowace tana da nauyi. Ta farko, mai ƙaramin ƙarfi yakan zaɓi zama a gida, ya ƙirƙiro ciwon kai ko tafiyar gaggawa, gudun kada a auna shi a bainar jama'a. Hausawa kuwa sun ce zumunta a ƙafa take. Duk al'adar da ta ɗaure ƙafar ɗan'uwa ta yanke zumunci ke nan, ko da ta cika faranti da kuɗi. Ta biyu ta fi muni: iyayen da ba su da halin yin walimar da za ta yi daidai da ta maƙwabta sukan ɗage saukar ɗansu shekara bayan shekara. Yaro ya gama aikinsa, amma an hana shi ranarsa, don kawai babu kuɗin rumfa da kujeru da anko.

Akwai masu kare tsarin biki, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa biki wani nau'in adashi ne, abin da mutanen Gana ke kira susu: mace ta zuba a hidimar ƙawayenta kaɗan-kaɗan, ranar tata ta kwashe a dunƙule, ta yi abin da ita kaɗai ba za ta iya ba. Suna kuma cewa shelar sunaye godiya ce, kuma shaida ce da ke hana gardama nan gaba. Gaskiya ne hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Sai dai adashi yana da ƙa'ida: kowa ya san zubinsa, kuma da yardarsa ya shiga. Bikin da ake ninkawa kuwa ba shi da iyaka, kuma ba ya tambayar ko damina ta yi kyau, ko darajar sidi ta faɗi tsakanin hidimar bara da ta bana. Game da shaida, littafi da biro sun wadatar. A rubuta abin da kowa ya kawo a ajiye a ɗaka, a yi wa mahalarta addu'a a jumlace. Godiyar da sai ta muzanta wani kafin ta yabi wani tana bukatar gyara.

Wata al'umma ta daban ta sami dabarar da ta cancanci dubawa. Yahudawa suna yin bikin da suke kira Bar Mitzvah idan yaro ya cika shekara 13, da Bat Mitzvah ga yarinya mai shekara 12 ko 13, inda a yawancin majami'unsu yaron kan yi karatu daga Attaura a gaban jama'a. A Amurka da wasu ƙasashe, al'adar masu ba da kuɗi ita ce su ba da 18 ko ninkinta: 36, 54, 72. Dalili shi ne kalmar "rai" a Ibrananci haruffa biyu ce, ɗaya lissafinsa 8, ɗaya 10. Duk almajirin da ya san hisabin abajada zai gane wannan nan take, domin ha ƙarami 8 ne, ya kuwa 10. Hikimar ita ce mai dala 18 da mai dala 180 saƙo ɗaya suka kawo, wato fatan tsawon rai. Ba a ce zango ya ari lambar wasu ba. Darasin shi ne idan kyauta tana ɗauke da ma'ana, ƙanƙantarta ba ta zubar da mutuncin mai ita.

Irin wannan ma'ana tana nan birjik a gida. Abu na farko da ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya tuna shi ne ranar ta yaro ce. Littafin da zai fara bayan sauka, ko tasbaha, ko hula, ko ɗankwali, ko dardumar salla, kowanne kuɗinsa kaɗan ne, amma zai daɗe a hannun mai shi bayan an manta da wanda ya ba da ambulan mafi kauri. Wanda ya rubuta sunan yaron da ranar sauka a bangon littafin ya ba shi abin da zai nuna wa 'ya'yansa. Na biyu, gudunmawar kayan abinci ba ta gaza ta kuɗi ba. Manomin Salaga ko Yendi da ya aiko da doya biyar, ko mutumin Bawku da ya kawo kwandon albasa ko zabo guda, ya sa hannu a tukunyar walima kai tsaye. Ladabin irin wannan shi ne a kai ta kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, lokacin da uwar gida ke lissafin abin da zai ishi baƙi. Na uku, 'yan'uwa uku ko huɗu suna iya haɗa ƙarfi su ɗinka wa yaron batakari ɗaya, maimakon kowa ya zo da abin da shi kansa yake jin kunyarsa. Wanda kuma ba shi da ko pesewa yana da ƙarfin jikinsa: ɗebo ruwa, faskare, jera tabarmi, tuƙa tuwo.

Akwai wasu ƙa'idoji da ba su cin kuɗi. Ana miƙa kyauta da hannun dama, a sirrance, tare da addu'ar Allah ya sa albarka a karatu. Ba a raina abin da aka kawo da baki, ba a kuma cika ba da haƙuri a kansa. "Ga ɗan goro" ta isa. Wanda ke nesa, a Kumasi ko Ankara, in ya tura kuɗi ta waya, ya bi su da kira ya yi magana da yaron kansa, don saƙon kuɗi ba ya gaisuwa. Mai karɓa kuma kada ya buɗe ambulan a gaban baƙi, kuma godiyarsa ga mai sidi 10 ta zama da sakin fuska ɗaya da ta mai sidi 1,000, tun da shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Saura mutum guda da aka fi mantawa da shi, wato malam. Shi ne ya yi shekaru yana biya wa yaron, sau da yawa ba shi da albashi sai ɗan kuɗin Laraba. Abin takaici ne a kashe dubbai wajen hayar rumfa da mai ɗaukar hoto, sannan a sallami malam da ragowar abinci. Idan dole a rage wani abu, a rage ado, a cika hakkin malam. Masu gudunmawa ma suna iya raba abin da suka kawo gida biyu, kaso ɗaya ga ɗalibi, ɗaya ga wanda ya koyar da shi.

Gyaran yana hannun limamai da sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin mata, domin su ne ake jin maganarsu. In suka amince a daina shelar adadi, aka cire sauka daga lissafin biki, makarantu kuma suka riƙa haɗa ɗalibai da yawa a walima ɗaya don a raba nauyi, babu yaron da zai sake jiran aljihun ubansa kafin a shaida karatunsa, babu kuma gwaggon da za ta ɓuya a ɗaka ranar farin cikin ɗan ɗan'uwanta.